Jinin da Ya Dawo wa Mairo

Da hantsi ne, Mairo ta shiga bayi za ta yi wanka, sai ta ga jini a zanenta. Shekara shida rabonta da shi. Ta daɗe a tsugune tana kallo, har ruwan bokiti ya huce. Kuma wallahi ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba, murna ce.

Ɗanta ɗaya tilo, Muhsin, ya ɓace a hanya ranar da suka gudo daga Mubi. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Ita da mijinta Salihu suka kama ɗaki a unguwar Rumde, tana roƙon Allah ya ba ta wani, har haila ta ɗauke mata ta haƙura. Yau ga ta da shekara hamsin da biyu, abin ya dawo.

Goggo Dija, tsohuwar ungozomar unguwa, ta buga guɗa da ta ji.

"Mahaifarki ce ta farka, 'yar nan! Allah zai musanya miki. Ki rufe bakinki dai, saboda maƙiya."

Ta haɗa ta da saiwoyi na jiƙo. Mairo ta ajiye salla kamar yadda ta saba a da. Kwana bakwai, jini bai tsaya ba. Kwana goma sha biyar, ta yi wanka ta koma salla, shi kuwa yana nan yana ɗiga, tsinkakke, da wani wari da turaren wuta ya kasa rufewa.

* * *

Warin ne ya tona. Maƙwabciyarta Keturah, 'yar Michika da ta yi aikin nas shekara ashirin kafin gudun hijira, ta shigo aron turmi, ta tsaya cak. Da ta ji bayani, sai ta zari tsinken tsintsiya ta yi zane a ƙasa.

"Adda, duba nan. Wannan mahaifa ne, nan gefe biyu kuma wurin ƙwai. Kowane wata su ke aika saƙo cikin jini, mahaifa ya yi shimfiɗa. In ciki bai shiga ba, shimfiɗan ya zube, shi ne haila. Naki sun daina aika saƙo tun tuni. To wannan jini daga ina? Ina tsoron ciwo ne a bakin mahaifa. In an duba da wuri, ana maganinsa."

Mairo ta sa ƙafa ta share zanen. Haba, wace irin baƙar zuciya ce wannan? Duk da haka da yamma ta gwada yi wa Salihu maganar asibiti. Kalmar jini kawai ya ji, kunya ta kama shi, ya ƙara muryar rediyo.

"Wannan ai zancenku ne na mata. Kuma namiji zai buɗe ki, da girmanki? Me Goggo ta ce?"

Ta faɗa masa, sai ya washe baki. Rabon da ta ga haƙoransa tun suna Mubi.

* * *

Wata bakwai, cikin Mairo ya tashi. Hannayenta kuwa suka zama kamar kara, idanu suka faɗa. Mata suna shigowa barka, su fita suna toshe hanci. Ita kam tana jin abu yana juyi a mararta, mai nauyi, mai sanyi, wani lokacin har ta kira shi da sunan Muhsin a hankali.

Ranar da ta kasa tashi sallar azahar, da kanta ta aika a kira Keturah. Keturah ta zo da ɗan kakakin ƙarfen da ake sauraron ciki da shi. Ta ɗora nan, ta ɗora can, ta riƙe numfashi. Can ta ɗago, ta girgiza kai, hawaye na bin kuncinta.

Tsoro ya kama Mairo, irin wanda ba ta ji ba ko a daji lokacin gudun hijira. Ta damƙe hannun matar.

"Keturah, in babu kowa a ciki, to wa ke girma?"

A tsakar gida Salihu yana zuba wa ragon suna dusa, yana shafa bayansa ya ji ko ya yi ƙiba.