Shekara Ukun da Aka Yanke wa Balkisa

Ni na yanke wa Balkisa cibiya, saboda haka babu mai gaya mini shekarunta. Ɗiyar Kailu ƙanena ce, kuma a shekarar da aka zo rajistar masu zaɓe da na'ura ta cika ashirin cif.

Tun da aka fara maganar rajistar yarinyar nan ba ta zauna ba. Babu fadar samari a Filinge da ba ta leƙa ba, suna kwance kan tabarma suna dafa shayi. Suka yi ta yi mata dariya, wai ƙuri'a ba ta cika tukunya. Ta ce musu shayin ma ba ta ga ya gyara hanyar Bonkuku ba. Da naci, da tsiya, da roƙo, sai da ta tara mutum arba'in da ɗaya.

Ranar rajista ta jera su a filin lekwal, wato makarantar boko, ta tsaya ƙarshen layi don kada wani ya sulale. Da aka zo kanta, ma'aikacin ya duba takardar haihuwarta, ya ƙirga da yatsu, ya miƙo mata abarta. Ya ce shekararta sha bakwai, ba ta kai ba.

Aikin Kailu ne. Ya riƙe ta kiwon awaki har ta shekara goma, da ya kai ta lekwal mushe, malamin lekwal ɗin, ya ce ta yi girma da ajin farko. Sai ya ɗauki shaidu biyu, ya je inda ake ba da takardu, ya yanke mata shekara uku. Haka ake yi a wajenmu, wani ya rage, wani ya ƙara, kamar ana awon gero. Shekara goma yana ba da labarin nan a bakin masallaci a matsayin wayo.

Balkisa ta san abin da ke cikin takardar, amma ta ji an ce ana karɓar shaida, shi ya sa ta taho da ni. Na matsa gaba na rantse, na faɗi daminar da aka haife ta, na faɗi ɗakin. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba. Ya ce shaida ta wanda ba shi da takarda ce, mai takarda kuwa takardarsa ke magana. Wato da ba ta taɓa shiga aji ba, da yanzu an ɗauki hotonta. Raina ya ɓaci.

Ta je a gyara, aka ce sai gaban alƙali, alƙali kuma sai bayan wata biyu. Bayan kwana shida aka rufe rajista.

Kailu da ya ji, maimakon kunya sai ya sake fito da wani wayon. Ya ce ai takardar yayarta da ta rasu tana nan cikin akwati, wa zai gane? Balkisa ta dube shi, ta tashi ta bar masa ɗakin. Mako guda ba ta yi masa magana ba in ban da gaisuwa.

Ranar zaɓe ta fita tun hantsi, gida gida, tana tayar da mutanenta. Ta raka su har ƙofar lekwal, ta tsaya waje cikin rana, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna nuna mata yatsa mai tawada. Har da waɗanda suka fi yi mata dariya.

Can sai ga Kailu da katinsa a hannu, yana tafiya kamar wanda aka aika biko. Ya tsaya gabanta, ya rage murya.

"Ɗiyata, hwaɗa min wa kika so, in je in dangwala miki. Ni ban damu ba."

Na san wanda take so, na ga bakinta ya motsa. Na ƙagu ta faɗa, ko banza ta samu wani abu.

Ta ce, "Wagga ƙuri'a taka ta, Baba. Tawa ka riga ka ci ta tun ina kiwon awaki."

Ya shige ciki da katinsa. Ita kuma ta juya ta tafi neman mutum uku da ba su iso ba tukuna.