Ƙwayar da Ta Ƙi Narkewa

Ƙwayoyin nan shida suna zaune a gindin kwalaben gilas kamar an dasa su. Ruwan da suke ciki an ɗumama shi daidai zafin jikin mutum, an zuba masa tsami irin na cikin tumbi, ludayen injin suna ta juya shi a hankali tun ɗazu. A ƙa'ida, kafin rabin awa ƙwaya ta kumbura ta farfashe, ta saki maganin da ke cikinta. Waɗannan kuwa har an doshi awa guda, ko harafin da aka buga a bayansu bai goge ba.

Auta ta sunkuya ta leƙa, ta duba ma'aunin zafi, ta sake leƙawa. Shekararta ta huɗu ke nan a digiri na biyun da aka ce na shekara biyu ne, a fannin injiniyancin harhaɗa magunguna. Bincikenta a kan ƙwayar hawan jini ne ta wani kamfani da ke bayan gari: yadda ake matse garin magani ya zama ƙwaya, da yadda take narkewa in ta shiga ciki. Kamfanin ne ya sayo wa sashensu wannan injin, shi ne kuma yake aiko da ƙwayoyin gwaji a farin kwali, direba ya kai har ofishin Farfesa, mai duba aikinta. Na cikin kwalin nan ba su taɓa ba ta kunya ba. Da sun ji ruwa sai su watse kamar sukari a shayi.

To jiya aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, na ƙarshen kwalin suka lalace a banza. Neman wani kwalin kuma sai an rubuta takarda, an jira Farfesa ya dawo daga tafiya, an jira direba ya ga dama. Da safe tana shirin fitowa ta ga katin maganin Inna a kan firji, iri ɗaya, kamfani ɗaya, sai ta ɓalle shida ta ƙulle a leda. A ganinta dabara ta yi.

"Ke kuma me kike kallo haka, kamar mai jiran kifi ya ci ƙugiya?"

Dogo ne, abokin karatunta, wanda ya riga ta shigowa da shekara uku kuma har yau bai ga ƙofar fita ba. Ya ƙaraso yana ɓare gyaɗa, duk da an hana ci a ɗakin gwaji. Ya dubi kwalaben, ya daina tauna.

"Wannan daga kwali?"

"Daga kyamis. Na innata ne."

Ya yi wata dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Ke ma dai, Auta. Wa ya ce miki ana gwada na kasuwa? Na kasuwa ai sha ake yi."

* * *

Ba ta yarda da gwaji ɗaya ba. Ta bi shaguna daban-daban a unguwanni daban-daban ta sayo, ta sake sa su a ruwa, suka sake zama abinsu. Da ta niƙa su ta auna, sai ta tarar maganin yana ciki, ba a rage ba. An dai cika masa wani danƙo mai araha ne, aka danna shi da ƙarfin da ya wuce kima don kada ya farfashe a bayan mota masu shaguna su mayar da kaya. Ƙwaya ce mai kyan gani, mai jure hanya, wadda za ta shiga cikin mutum ta fita kusan yadda ta shiga.

Sai ta tuna ciwon kan Inna na kowace asuba, da jirin da yake zaunar da ita a bakin murhu. Likita ya ƙara mata yawan ƙwaya har sau biyu, yana zarginta da tsallake sha. Ita kanta Auta ta sha ɗauke gwangwanin gishiri ta ɓoye a ɗakinta, tana yi wa tsohuwa faɗa kamar yarinya, Inna tana rantsuwa cewa ko lasa ba ta yi ba. Wannan shi ya fi yi mata ciwo.

Ta rubuta komai ya zama babi guda, ta kai wa Farfesa.

Ofishinsa ne kaɗai mai sanyi a duk benen. A bango akwai hotonsa da mai kamfanin suna musabaha a gaban injin, ranar da aka kawo shi. Farfesa ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Yakan biya wa ɗalibi kuɗin buga takarda daga aljihunsa, kuma bai taɓa sa ɗaliba ta zo ofis bayan an tashi ba. Ya karanta babin tsaf, ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Aiki ya yi kyau, 'yata. Amma mene ne taken bincikenki?"

Ta faɗa.

"To. A kan ƙwayoyin da kamfani ya bayar. Na kasuwa wa ya san inda suka kwana? Wa ya san ko jabu ne?"

"Ranka ya daɗe, lambar da ke jikinsu ta kamfanin ce. Na bincika."

"Na ga kin bincika." Ya jingina da kujera. "In kika sa wannan babi, taken binciken ya canza. In take ya canza, sai kwamiti ya sake zama, a sake neman izini, a sake nemo mai jarrabawa daga waje. Kin san yadda kwamitinmu yake zama. Ga Dogo nan, ki tambaye shi. Kuma ranar da babin nan ya fita, injin nan ma zai fita. Ɗalibai nawa ne suke layi a kansa? Akwai hukumar da aka ɗora wa duba magungunan kasuwa, ana biyansu albashi. Ke ɗaliba ce."

"Mahaifiyata tana shan sa, ranka ya daɗe."

"Subhanallahi." Da gaske abin ya taɓa shi. Ya jawo 'yar takarda ya rubuta sunan wata ƙwayar, ta wani kamfanin, ya miƙa mata. "Ki canza mata yau ɗin nan, kada ki bari ya kwana. Wannan nake saya wa yayata."

Ta karɓa da hannu biyu, har da godiya. Sai da ta sauko daga bene sannan ta gane cewa bai yi mamakin ko layi ɗaya na babin ba.

* * *

Inna ta juya sabon katin a hannunta tana yatsina fuska. "Wannan ai mai tsadar ne. Wancan me ya yi?"

"Wannan ya fi dacewa da jikinki, Inna."

"Oho. Mun yi likita a gida, mun huta."

Abin da Auta ta faɗa ke nan, ba ta ƙara ba. Ta san Inna sarai. Magana in ta shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ta zaga layin nan ta dawo da ƙari. In ta ji cewa kamfani kaza yana sayar da dutse, gobe mai kyamis ya ji, jibi direban kamfani ya ji, gata a ce ɗalibar Farfesa ce ta faɗa.

Cikin 'yan makonni ciwon kai ya tafi. Inna ta koma shara da kanta, ta koma faɗa da masu tallan da suke buga mata ƙofa. Yaya, babban wan Auta, wanda tun rasuwar mahaifinsu yake ɗauke da karatunta a kan ɗinkin da yake yi, ya riƙa tambaya cikin wasa ko digirin nan sai ya yi furfura zai gan shi. Wasa ne, amma idonsa ba ya dariya.

Ta cire babin. Ba ta goge shi ba, ta ajiye shi a wani lungu na kwamfutarta, ta ce wa kanta in ta kare kundinta a gaban malamai za ta aika wa hukuma ba tare da suna ba. Dogo da ya ji haka ya ce, "Allah ya nuna mana," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya addu'a.

Ranar kare kundi komai ya tafi sumul. Mai jarrabawa ya yaba da tsabtar alƙalumanta, ya ce ya daɗe bai ga ƙwayar kamfanin gida mai narkewa haka ba. Aka tafa mata. Sai ta ce bari sakamako ya fito tukuna, tunda sai Farfesa ya sa hannu. Da sakamako ya fito ta ce bari ta karɓi takardar shaida. Da ta karɓa sai ga maganar aiki, kuma duk inda ta nema wasiƙar Farfesa suke tambaya. Kowane dalili da ta ba kanta gaskiya ne, shi ya sa bai yi mata wuyar haɗiya ba.

* * *

Wata ranar Laraba da yamma tana dawowa daga wata ganawar neman aiki, ta hango sabuwar takardar talla a ƙofar kyamis ɗin bakin layinsu. Hoton ƙwayar ne, babba, fara tas. A ƙasa an rubuta da jan rubutu: An gwada a jami'a, an tabbatar. A gefe ga zanen layin narkewa yana hawa sama yadda ake so. Ta san zanen nan, ita ta zaɓa masa launi. Da ta matsa kusa ta ga sunan Farfesa, da nata a ƙarƙashinsa da ƙananan haruffa.

Mai kyamis ya leƙo yana washe baki. "Injiniya! Ashe haka kike, ba ki faɗa mana ba? Wallahi tun da aka liƙa takardar nan ba ya kwana a kanta."

Ta amsa gaisuwar da ka ta wuce.

Ta tarar da Inna a tsakar gida kan tabarma, ta yi wanka ta sa turare, fuskarta tana sheƙi. A gabanta ga kati sabo fil, irin na da.

"Zo nan, 'yar nema! Sai a bakin mai kyamis zan ji? Ya karanta min sunanki da bakinsa, har sau biyu na sa ya maimaita. Kin bar ni ina shan na wasu can, alhali ga naki."

"Inna, wancan ɗin da na saya miki fa?"

"Ya ƙare tun shekaranjiya, na ce kada a ƙara sayowa. In ban sha na 'yata ba, na wa zan sha?" Ta ɓalle ƙwaya ɗaya tana magana. "Na bi gida-gida na faɗa musu. Maman 'yan biyu ta ce mijinta ma ya koma shi. Gwaggonki ta ce a aika mata da kati biyu. Na ce musu ku sha hankalinku kwance, Auta ce ta gwada da hannunta."

"Inna, tsaya ki ji..."

Inna ta riga ta ɗora ƙwayar a kan harshe. Ta ɗaga gira tana nuna randa da yatsa, tana murmushi da baki a rufe, irin murmushin da Auta ba ta gani ba tun mahaifinsu yana raye. Daga zaure aka jiyo sallamar mata, su uku ko huɗu, suna tambaya ko Injiniya ta dawo.

Auta ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa mata.