Kan Noboru, Wutsiyar Fumie

Da mahaifinsu ya rasu, Fumie da ƙaninta Noboru suka raba macizan da ya bari a ɗakin kiwo na saman gidansu a Shizuoka. Babu faɗa, babu kuma hira. Noboru ya kama shago a Nagoya, yana zuwa yana kwashe nasa akwati-akwati. Fumie ta san ranar da ya ɗauki na ƙarshe ba za ta ƙara ganin takalminsa a bakin ƙofa ba.

Mesa ɗaya ta rage, macen da tsohon ya fi ji da ita. Suka yi yadda masu kiwo ke yi: kowa ya haɗa ta da namijinsa, na Fumie fari sol, na Noboru rawaya mai zanen baƙi. In an ƙyanƙyashe, kowane ɗa ya bi launin ubansa, mai uban ya ɗauka.

Damina na tsaka ƙwayayen suka fashe. Farare suka tafi hagu, rawaya suka tafi dama. Sai ƙwan da ya fi girma ya fito da abin da ba su shirya masa ba: namiji, daga kai zuwa tsakiya rawaya, daga nan zuwa wutsiya fari, kamar an ɗinke biyu.

Noboru ya juya shi a tafin hannu, ya ce ai maciji kansa ake dubawa, don haka nasa ne.

"To ɗauki kan, ka bar mini sauran," in ji Fumie.

"Yaya, har yanzu bakinki bai tsufa ba."

"Kai ma kwaɗayinka bai tsufa ba."

Rabonsu da magana mai tsawon haka tun ranar jana'iza.

Da ɗan macijin ya yi saɓa, suka yanki ta wajen kai da ta wajen wutsiya, suka aika wa wata likitar dabbobi mai gwajin ƙwayoyin gado. Ta kira su a waya, suka saurara tare, shayin sha'ir na hucewa a gabansu. Ta ce 'ya'ya biyu ne suka fara a ƙwai ɗaya, kowanne da ubansa, suka manne tun ba su zama komai ba, suka girma jiki guda. Wannan ado ba ya gaduwa. In ya haihu, 'ya'yansa za su bi ɓangare ɗaya ne kawai, wanda ke riƙe da iri.

Fumie ta dubi macijin. Iri can wajen baya yake, bayan kuwa fari ne fat. Da wuya ya zama ba nata ba. Noboru ma wurin yake kallo, shi ma a ɗakin nan ya tashi.

Fumie ta ce a ganinta a jira ya balaga ya haihu, launin 'ya'yan ya raba gardama. Kafin nan ya zauna inda aka ƙyanƙyashe shi, amma ba za ta ciyar da rabin wani ba.

"Shekaru fa ke nan, Yaya."

"Ina za ni?"

Ya shanye shayinsa. Can ya tambaya ko har yanzu ranar Lahadi ake ba su ɓera. Ta ce ba a canza ba. Makullin ɗakin da ya ajiye mata da safe yana nan kan tebur. Ya ɗauka ya mayar aljihu, ya sauka neman takalminsa.