Zakara a Zoben Malam

Korona ce ta riƙe Iya Hannatu a Doha. Wankan jego ya kawo ta, autarta Ruƙayya ta haifi Jannat a Madinat Khalifa inda mijinta injiniya yake zaune, ita kuma niyyarta ana yin arba'in ta koma Rano. Sai aka kulle duniya, jirage suka daina tashi. Tana nan tana dama kunun kanwa a gidan suruki, can a Rano mijinta Malam Nasidi ya kwanta ya rasu. A waya ta ji. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, takabar ma a bene ta yi ta, cikin sanyin na'ura.

Abin da ya iso gare ta daga baya zobensa ne kawai, na azurfa mai jan dutse sumul. Sabo, wani direban tasi ɗan garinsu, shi ya kawo mata da ya dawo daga hutu. Ta zura shi a igiya ta rataya a wuya. Ruƙayya ta sake samun ciki, zama ya miƙe, zoben bai taɓa barin ƙirjinta ba.

Ana tsakiyar gasar ƙwallon duniya, gari ya cika da baƙi masu fenti a fuska, dutsen ya fara girgiɗi. Sabo ya kai ta tsohuwar kasuwa, shagon wani maƙerin azurfa Baturke mai suna Osman. Bai sami wurin ajiye mota ba, sai ta shiga ita kaɗai. Shagon a cike. Ta ɗaga zoben, ta girgiɗa dutsen da yatsa don a gani, Osman ya gyaɗa kai yana magana da wasu, ta ajiye a wani faranti da ta ga zobba a ciki, ta fito.

Da Sabo ya karɓo mata, ta shafa ta ji zaren da Malam ya naɗa a ƙasan zoben lokacin da yatsarsa ta rame. Nasa ne. Dutsen ya zauna daram, sai dai ya yi kaushi. Idonta akwai yana, ba ta gani sosai, ta ɗauka aikin gyara ne ya bar ƙarzuwa, ta mayar wuya ta ci gaba da sallolinta.

Ruƙayya ce ta gani, ranar da Iya ta sunkuya tana yi wa jariri wanka.

"Iya, wane ne wannan a zoben Baba?"

"Wane kamar yaya?"

Ruƙayya ta ɗauki hotonsa da waya, ta buɗa shi ya cika fuskar wayar. Iya ta kawo kusa da ido. Wani abu ne mai ƙirjin mutum da kan zakara, hannu ɗaya bulala, ɗaya garkuwa, ƙafafunsa macizai biyu. An sassaƙa shi a cikin dutsen Malam, Malam da ko kalandar da aka kawo masa sai ya bi hotunan ciki ya ja musu reza a wuya kafin ya rataye.

"Da wannan na yi ta kai goshi ƙasa?" Ta miƙa wa Ruƙayya wayar. "Kira min Sabo."

"Iya, ki bari Baban Jannat ya dawo daga aiki, ya rubuta musu."

"Rubutu ne ya sassaƙa? Kira min Sabo!"

A shagon, ba ta jira layi ba. Ta ture wasu dogayen Turawa masu rawanin Larabawa, ta buga zoben a kan gilashi, ta sauke takunkuminta zuwa haɓa don maganar ta fita sosai.

"Gaya masa na ce shi azzalumi ne, maci amana, wanda bai gaji tsoron Allah ba. Gyara na kawo, ban ce a sauke min aljani ba."

Sabo ya yi gajeren Larabci yana murmushi.

"Ƙarya kake, Sabo. Maganata ta fi haka tsawo."

"Iya, kafil ɗina, uban gidana a ƙasar nan, abokinsa ne. Ki tausaya min."

Osman ya ɗauki zoben, ya sa madubin ido, sai ya dafe kai. Ya yi ta magana, Sabo yana juyawa. Farantin da ta ajiye zoben, na baƙin da suke son a zana musu abu ne. Wani ɗan kallon ƙwallo ya ba da zobe mai jan dutse a yi masa wannan siffa, aka haɗa su aka yi wa duka biyun.

"To shi wane ne wannan ɗan banzan?"

"Ya ce sunansa Abaraksas. Wai na wasu mutanen da ne, masu cewa su suna da ilimin ɓoye. Suna ɗaura shi don tsari."

"Tsari da me? Abin da shaho zai sure?"

Osman ya ɗauka tambaya take yi da gaske. Ya jawo wani faranti yana nuna mata ɗaya bayan ɗaya, don ta ga ba raina ta aka yi ba, kaya ne masu tsada da tarihi. Ga Ziyus, babban allan Girkawa, mai jifa da aradu. Ga Harmis mai fukafukai a takalmi, ɗan aiken alloli. Ga maciji ya haɗiye wutsiyarsa, wai alamar abin da ba ya ƙarewa. Ga mujiya.

Iya ta ja da baya. "A'uzubillahi! Mujiya a wuyan mutum?"

"Wai tsuntsuwar Atina ce, allahiyar hikima. Daga kan ubanta ta fito da ya yi ciwon kai."

"Ai ba shakka! Kai Sabo, gaya masa mun san su. Ni a bayan gidan 'yan bori na tashi. Da Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Barhaza, kowa da kayansa da abin yankansa. Mu mun tuba mun bar namu, shi Musulmi yana zaune yana ƙera na wasu. Malam shekara da shekaru yana fama da mutane su yar da irin wannan, yau an wayi gari an ɗora masa a zobe yana kabari, ba shi da bakin magana."

Ta ja gefen mayafi ta share ido da ƙarfi, haushin hawayen ma take ji.

Osman ya fito da wani zobe, na zinariya, ya tura gabanta.

Ta tura masa abinsa. "Wannan ya taɓa shiga yatsar Malam? A goge min abin nan, dutsena ya koma yadda yake."

Osman ya ɗaga dutsen a fitila, ya girgiza kai. Sabo ya rage murya. "Iya, ya ce sassaƙar ta yi zurfi, dutsen kuma tsoho ne. In aka goge har ƙasa zai fashe. Sai dai a sa sabon dutse."

"Sabon dutse."

Ta zauna a kujerar Osman ba tare da an ce ta zauna ba. Waje ana ta busa da ihu, wasu sun ci wasu. Ta riƙe zoben tana murza zaren. In aka fasa, ta rasa shi. In aka canja, ba na Malam ba ne. In ta bar shi haka, ba zai sake hawa wuyanta ba. Sai idonta ya ga Malam a zaure, ya ɗora kalanda a cinya, reza a hannu, yana cewa abin da ba shi da wuya ba shi da rai.

Ta miƙe. "Gaya masa ya yanka shi."

"Ya yanka me?"

"Zakaran mana! Ya ja masa ƙarfe a wuya, ya raba kai da jiki. A gabana."

Sabo ya fassara, wannan karon bai rage komai ba. Osman ya dube ta, ya dubi zoben, ya ɗaure shi a maƙalar aikinsa ya ɗauki ɗan injin sassaƙa.

"Tsaya! Ya juya shi gabas."

"Iya, a garin nan alƙibla yamma take."

"Garin nan komai a juye yake. To yamma. Ya ce bismillah."

Osman ya ce bismillah. Injin ya yi ƙara kaɗan, farar ƙura ta tashi. Ya wanke, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa babban yatsa ta bi layin, ta ji shi ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Dutsen bai fashe ba. Sumul ɗin da ta saba shafawa bayan sallah kuwa ya tafi ke nan.

Ta zura shi a igiya, ta rataya, ta ja takunkumi ta rufe baki. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Sabo, gaya masa ban yafe ba tukuna. Kuma ka faɗa da tsawonta."