Malam Gobe na Taga ta Uku

A ofishin sabunta takardun shaguna ni ne a taga ta uku, kuma masu bin layi sun raɗa mini suna Malam Gobe. Ban taɓa jin haushi ba, don ni na jawo. Takarda na shigowa ta ƙarƙashin gilashi sai in tura ta baya da ɗan yatsa, in ce a dawo gobe, idona na kan waya. A wurin wanda na gada na koya, shi ma haka ya tarar.

Gwamnati kam ta yi iya ƙoƙarinta a kanmu. An kai mu bita ta kwana biyu kan kyautata wa jama'a, aka koya mana murmushi, aka liƙa hoton wata mata mai fararen haƙora a bango. Hoton nan kaɗai ke murmushi a ofishin.

Ranar Alhamis wa'adi ke cika. Duk shagon da takardarsa ba ta samu hatimi ba, washegari za a garƙama masa kwaɗo. Saura minti goma a tashi, wata takarda ta shigo. Na tura ta, ta dawo. Na sake turawa, ta sake dawowa. Na buɗe baki zan yi masifa, sai na ji an ce a hankali:

"Auta, ashe ka fara sanƙo."

Na ɗago. Mahaifiyata ce, da tef ɗin awo rataye a wuya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Shekara talatin tana ɗinki a shagonta, da shi ta yi mini karatu. Tela ce, amma ban taɓa jin ta ce wa mai kaya gobe ba. Ko maɓalli aka kawo sai ta ajiye almakashi, ta dubi fuskar mutum, ta tambayi gida. Ni ina yaro a gefe ina ganin ɓata lokaci ne.

Na ce me ya hana ta kira ni a waya. Ta ce so take ta ga aikin da nake ta yi mata alfahari da shi. Yau zuwanta na uku ke nan, kuma ba abin da ta gani sai tsakiyar kaina.

Na buga hatimi. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Na tura mata takardar, sai ta ƙi ɗauka. Ta waiga ta dubi layin da ke bayanta, ga mai aski, ga mai gyaran takalma, ga wata tsohuwa da ta zauna a ƙasa don gajiya.

"Tare muke zuwa tun Talata," in ji ta. "Tawa ta jira. Idan ka gama da su na karɓa."

Ta koma ƙarshen layi ta tsaya.