Shekara Biyu Ko Huɗu

Takardu biyu suka zo wa Manal a sati guda. Ɗaya ta difiloma ce, shekara biyu a nan Jidda, a koyi ba jirage umarnin tashi da sauka daga hasumiya. Ɗayar ta digiri ce a harkar jiragen sama, shekara huɗu a wani gari can gabas.

Mahaifinta, Abdulghaffar, ya yi shekara ashirin da bakwai yana jidar akwatunan alhazai a filin jirgi. Tun da aka rushe gidansu na unguwar Karantina suka koma Nuzla, bai sake jin daɗin jikinsa ba. Sau uku a sati ake yi masa wankin ƙoda, Manal ce kuma ke kai shi, don yayanta Majid yana aikin sito a Khumra har magariba.

Suna dawowa daga asibiti a mota wata Laraba ta ce masa ta zaɓi difilomar.

"Saboda me?"

"Baba, ko mai digiri sai ya yi horon hasumiya kafin a ba shi lasisi. Zan riga shi kama aiki."

"Shi kuma ya riga ki hawa sama. Na ga irin haka da idona." Ya gyara zama da ƙyar. "Kin dai ji abin da likita ya gaya wa Majid. Kada ki auna karatunki da kwanakina."

Sai da ta tsaya a danja ta amsa.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, rabi don kai ne. Rabin kuma aikin nake so, ba ofis ba."

Ya gyaɗa kai.

"Halas, shi ke nan. Allah ya yi miki albarka."

Watanta tara da farawa ya rasu, da hantsi, tana ɗakin gwaji inda ake koyo da jiragen kwamfuta. Wayarta na cikin kabad. Sai da aka tashi ta ga kiran Majid.

A zaman makoki Gwaggo Rabi'a, ƙanwar mahaifin, ta ja ta gefe.

"Yanzu ba abin da ya riƙe ki. Ki nemi wancan karatun, har yanzu ke yarinya ce."

Manal ta yi kwanaki tana juya maganar. Har ta rubuta wa jami'ar wasiƙa, amma ba ta aika ba.

Ranar da ta koma aji, malaminsu Ustaz Fawaz ya ce tana iya hutawa sati biyu. Ta ce a'a, ta sa abin ji a kunne. Ba a yi minti goma ba ta bar jirage biyu suka kusanci juna fiye da ƙa'ida. Ya tsayar da gwajin, ya nuna mata inda ta makara.

"Yalla, daga farko."

Darasin nan sai da ta maimaita shi sau uku kafin ta wuce. Ta gama difilomar tare da 'yan ajinsu, ta zo ta shida cikin sha tara. Majid ya nemi izinin rabin yini a wurin aiki, ya zo bikin yaye su da kayan sito a jikinsa, ya zauna a layin baya.