Tsohon Direba

Karo na uku ke nan Injiniya ya zare wayar linzamin kwamfuta ya cusa ta a wani ramin. Kibiyar da ke kan allo ta kafe a tsakiya, ko gezau. An ciro sabon linzami daga kwali an gwada, duk kanwar ja ce. Injiniyan ne jiya ya sabunta manhajar kwamfutar da ke haɗe da babban injin buga takardu, yana ta cika baki wai yau sai an ga gudu. To ga gudu nan. Tara ta wuce, takardun jarrabawar wata makaranta suna ciki, sha ɗaya za a zo ɗauka.

Anti Tafireta tana kujerarta ta bakin taga, tana kurɓar shayi. Shekara ashirin da shida tana buga rubutu a wannan maɗaba'a, tun zamanin injin da ya ba ta sunan. Makon jiya Manaja ya faɗa a gaban kowa cewa ƙarshen wata za ta je ta huta, wai zamani ya wuce ta, ko linzami ba ta iya riƙewa. Maganar ta yi mata ciwo sosai.

Ta bari sai da gumi ya jiƙa wuyan rigar Manaja, sannan ta ajiye kofi.

"Injiniya, ɗan matsa."

"Anti, wannan fa ba tafireta ba ce."

"Na sani, ɗana. Na dai ga linzami ya fi ƙarfin bakin kaza ne."

Masu ɗaure littattafai suka tuntsire da dariya. Ta zauna, ta ture linzamin gefe da bayan hannu, ta jera yatsu goma a kan maɓallai. Ba ta ko kallon su. Ƙas ƙas ƙas, shafi ya buɗe, wani ya bi bayansa, ta gangara da maɓallin ƙasa har ta iske sunan linzamin da 'yar alama rawaya a gefensa. Ta shiga, ta zaɓa, ta danna. Allon ya ɗan ƙifta.

"Taɓa shi mu gani."

Injiniya ya taɓa, kibiya ta zabura har kusurwa.

"Me kika yi masa?" Manaja ya tambaya.

"Kowace na'ura tana da 'yar manhajar da ke tuƙa ta, direba ake ce mata. Sabuntawar jiya ta sallami tsohon direba ta ɗora sabo, shi kuma bai san hanya ba. Tsohon na dawo da shi." Ta gyara tabarau. "Ashe bai tafi ba, yana nan a ajiye."

Injin ya fara tofo takardu da ɗuminsu. Daɗi ya cika ta har wuya, ba ta kuma ɓoye ba. Manaja ya sunkuyo kusa da kunnenta, ya rage murya.

"Anti, maganar nan ta ƙarshen wata, a bar ta kawai."

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

Ya maimaita, ƙasa-ƙasa.

"Waccan a gaban mutane ka faɗe ta," in ji ta. "Wannan ma haka."

Manaja ya dubi ma'aikatansa, duk sun saki aiki sun zuba masa ido. Ya miƙe tsaye sosai, ya yi gyaran murya.